Muna da RAID, shugabanmu ya ce ba ma buƙatar wata ajiya. Haka ne?

SabonMaiSabar:
Assalamu alaikum jama'a. An miƙa mini kula da sabar guda uku, wato kwamfutocin da suke riƙe da bayanai da ayyuka, na wani ƙaramin kamfani bayan wanda yake riƙe da su ya bar aiki. Ɗaya tana ɗauke da rumbun bayanai na PostgreSQL, ɗaya fayilolin ma'aikata, ta ukun kuma Proxmox ne a kanta, manhajar da take gudanar da 'yan VM, wato kwamfutocin da ake ƙirƙira a cikin kwamfuta ɗaya. Babbar tana da faifai huɗu a tsarin RAID 5, wato an haɗa su suna aiki tare kamar faifai ɗaya. Na nemi a samar da wani wuri daban da za mu riƙa ajiye kwafin bayanai, shugaba ya ce ai RAID ɗin nan don haka aka saye shi, in faifai ɗaya ya mutu ba abin da zai ɓace. Akwai kuma sikirif, wato jerin umarni, a cron mai gudanar da aiki a kan lokaci, da yake kwafe rumbun bayanai da pg_dump kowane dare, yana zuba fayil ɗin a wata folda a cikin sabar ɗin. Raina bai kwanta ba, amma ban san yadda zan yi masa bayani ba. Wannan ya isa, ko ni ne nake neman ƙarin aiki?

Baba_Root:
Wa alaikumus salam. Bai isa ba, kuma ranka yana da gaskiya da bai kwanta ba. RAID yana kare ka daga mutuwar faifai ne kaɗai. In wani ya goge teburin kwastomomi da kuskure, RAID zai goge shi a duk faifan nan take, don aikinsa kenan, ya tabbatar faifan sun yi daidai da juna. Haka in fayil ya lalace, haka in ɓarawon intanet ya kulle bayanan. Sannan kwafin da yake zaune cikin sabar da aka kwafo, duk abin da ya sami sabar ya same shi.

Hajiya_ZFS:
Ƙari a kan maganar Baba. RAID 5 faifai ɗaya kawai yake iya rasawa. Lokacin da aka sa sabon faifai yana sake gina kansa, dole ya karanta kowane lungu na sauran ukun, kuma a manyan faifai hakan yakan ɗauki awanni masu yawa, wani lokaci fiye da yini. Galibi faifan nan tare aka saye su, tare suka tsufa. Idan na biyu ya faɗi a tsakiyar ginin, shi kenan. Shi ya sa mutane da yawa suka koma RAID 6, wanda yake jure mutuwar biyu, ko RAID 10. Kafin komai ka sa smartctl, mai duba lafiyar faifai, a kan kowane faifai, ka duba awannin da ya yi yana aiki da adadin sassan da ya riga ya sauya wa wuri saboda lalacewa. In lambar nan tana hawa, faifan yana sallama.

Ɗan_Kebul:
Ni ina ganin kada mu yi saurin ganin laifin shugaban. Shi abin da ya sani an karɓi kuɗinsa an ce masa an sayi kariya. Kada ka shiga masa da sunayen RAID 5 da RAID 6, ba zai saurare ka ba. Ka yi masa tambaya biyu. Ta farko, in komai ya tsaya yanzu, aikin awa nawa na baya kamfanin zai iya haƙura da shi ya ɓace? Ta biyu, awa nawa za ku iya zama ba tsarin kafin kwastomomi su fara tafiya? Su ne ake kira RPO da RTO. In ya ce ba zai jure rasa ko awa ɗaya ba, to da bakinsa ya amince kwafin dare ɗaya bai isa ba.

SabonMaiSabar:
Na gode ƙwarai. Malam Ɗan_Kebul, wannan hanyar zan bi da shi in sha Allah. Hajiya, zan duba faifan yau.

Injiniya_Sani_B:
Ƙa'idar da aka saba ita ce 3-2-1: kwafi uku na bayananka, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban da ginin da sabar take. Masu ganin na ukun nan tsoro ne kawai su tuna gobarar cibiyar bayanan OVH, kamfanin ba da hayar sabar, a Strasbourg ta Faransa, a watan Maris na 2021. Ginin SBG2 ya ƙone ƙurmus, wani ɓangare na SBG1 ma ya tafi. Akwai kwastomomin da kwafin ajiyarsu yake cikin harabar nan ɗaya, suka wayi gari ba asali ba kwafi.

UmmuNetwok:
Duk abin da aka faɗa daidai ne, amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sikirif ɗin nan na cron. Ɗan'uwa SabonMaiSabar, ka taɓa ɗaukar ɗaya daga fayilolin ka dawo da shi a wata na'ura ka ga ya buɗe? Wanda ya bar aikin ya taɓa? Don a wannan sana'a tamu, yin kwafi ne kowa yake yi, dawo da shi ne ba kowa yake gwadawa ba.

Ku tuna abin da ya faru da GitLab, kamfanin da masu rubuta manhaja suke ajiye aikinsu a wurinsa, ranar 31 ga Janairun 2017. Wani injiniyansu yana ƙoƙarin gyara kwafin rumbun bayanai cikin dare, ya goge foldar bayanai a kan babbar sabar a maimakon ta biyu. Kusan 300GB suka tafi. Da suka juya ga hanyoyin ajiyarsu sai suka tarar ba wadda take aiki yadda suke zato. Pg_dump ɗinsu tsohon samfuri ne na 9.2, rumbun kuma 9.6, saboda haka ya daɗe yana faɗuwa. Saƙonnin imel da za su sanar da su faɗuwar ma ba sa isowa, ana mayar da su a hanya. Abin da ya cece su wani hoton faifai ne, wato kwafin yadda faifan yake a daidai wani lokaci, da aka ɗauka kimanin awa shida kafin lamarin, don wani aikin gwaji. Bayanan awa shidan nan sun tafi har yau. Na yaba musu da suka fito fili suka rubuta komai dalla-dalla, har aikin dawowar suka nuna kai tsaye a YouTube. Waɗannan ƙwararru ne, ba 'yan koyo ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka gwada dawo da kwafin nan tun yau da komai yake lafiya.

Baba_Root:
Allah ya yi miki albarka, Ummu. Wannan ita ce maganar.

Gajimare_Kawai:
Ni fa ban ga dalilin da ƙaramin kamfani zai riƙa fama da faifai da smartctl a wannan zamani ba. Ku kwashe komai ku kai gajimare, wato sabar haya na manyan kamfanoni irin AWS na Amazon ko Azure ko Google Cloud, ku ɗauki rumbun bayanai wanda su suke kula da shi. Kwafi na yin kansa, kana iya komawa kowane minti na kwanakin baya da dannawa kaɗan. Mutum ɗaya ba zai iya zama mai gadin wuta da sanyi da faifai da tsaro duka ba.

Hajiya_ZFS:
Malam Gajimare, akwai gaskiya a maganarka, musamman batun mutum ɗaya. Amma su ma sun rubuta a sharuɗɗansu cewa alhakin raba shi aka yi: su na'urori da gini, kai bayananka da saitinka da makullanka. In aka sace makullin asusunka, ɓarawon zai goge rumbun ya goge kwafin duka daga allo ɗaya. Kuma su ma suna faɗuwa. Ranar 28 ga Fabrairun 2017 wani ma'aikacin Amazon ya shigar da umarni da kuskure, ya cire sabar da yawa fiye da yadda ya yi niyya, S3, wurin ajiyar fayilolinsu, na yankin us-east-1 ya tsaya na kimanin awa huɗu, shafuka masu ɗimbin yawa suka tsaya tare da shi.

Gajimare_Kawai:
Awa huɗu, Hajiya, kuma suka dawo. Sabar da take ƙarƙashin tebur a ofis in ta mutu, sai an nemo kayan gyara tukuna. Ban ce gajimare ba ya faɗuwa ba, na ce ya fi saurin tashi.

Ɗan_Kebul:
Ku biyun kuna da hujja, amma mai tambaya ba shi da ikon kwashe kamfani ya kai ko'ina a wannan makon. Abin da zai iya shi ne tura kwafi waje. Nan ma gajimaren yana da amfani: a yi amfani da manhajar yin kwafi irin restic ko BorgBackup, a kulle kwafin tun daga sabar, a tura shi ma'ajiyar waje. Su biyun kyauta ne, kuma abin da ya canza kawai suke turawa, ba sa maimaita wanda yake can.

Mai_Tsaron_Dare:
Bari in sako batun da ba a taɓa sosai ba, masu garkuwa da bayanai. Waɗannan mutanen sun daɗe da gane cewa mai kwafi ba ya biyan fansa, saboda haka kwafin suke fara nema. Suna iya kwana da kwanaki a cikin netwok ɗinka shiru, su gano inda kake ajiya, su goge, sannan su kulle sauran. In sabar tana da izinin goge abin da ta tura, to wanda ya kama sabar ma yana da shi. Mafita ita ce ko dai ma'ajiyar ce za ta riƙa jawo kwafin da kanta, ko a ba sabar izinin ƙarawa kawai ba na gogewa ba, ko a kunna kullen da yake hana taɓa fayil har wa'adinsa ya cika, irin Object Lock na S3. Ko kuma tsohuwar hanya, faifai ko tef da ake cirewa a ajiye a kabad.

A harin muguwar manhajar NotPetya na Yunin 2017, kamfanin jiragen ruwa na Maersk sai da ya sake girka sabar kusan 4,000 da kwamfutoci 45,000 cikin kimanin kwana goma. Sabar da suke riƙe da asusun ma'aikata duk sun tafi tare, don suna kwafar juna. Kamar yadda aka ruwaito, guda ɗaya ce ta tsira a ofishinsu na Ghana, saboda wuta ta ɗauke ta rabu da netwok lokacin harin. Abin da ba ya haɗe shi ne ya rayu.

Talatu_DevOps:
Tunda an zo tsaro, SabonMaiSabar wane Linux ne a kan sabar ɗin? Irin waɗannan da ake gada sau da yawa CentOS 7 ne, kuma tallafinsa ya ƙare tun 30 ga Yunin 2024. Ba sauran gyaran tsaro daga gare su.

SabonMaiSabar:
Ta rumbun bayanai Ubuntu 22.04 ce. Ta fayiloli kuwa CentOS 7 ce kamar yadda kika zata, Anti Talatu. Kuma da alama an daɗe ba a sabunta ko ɗaya ba.

Talatu_DevOps:
To Ubuntu ɗin tana da sauran lokaci, LTS ce, mai dogon tallafi, shekara biyar ake tallafa mata, wato har 2027. Ta CentOS ka shirya mata ƙaura zuwa Rocky Linux ko AlmaLinux. Amma kada ka taɓa ta sai kwafinka ya tabbata.

Baba_Root:
Ni dai a kan sabuntawa ina da taka-tsantsan. Sabar da take aiki lafiya ba na son a riƙa taɓa ta kowane mako. Kowa ya ga 19 ga Yulin 2024, da sabuntawar manhajar tsaro ta CrowdStrike guda ɗaya ta durƙusar da na'urorin Windows kimanin miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft. Jirage sun kasa tashi, asibitoci da bankuna sun tsaya, kuma na'urori da yawa sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu.

Talatu_DevOps:
Baba, da girmamawa, a nan ban bi ka ba. Harin garkuwa da bayanai na WannaCry ya ɓarke a watan Mayun 2017, alhali Microsoft ta fitar da maganin ramin tun watan Maris. Waɗanda suka ce kada a taɓa abin da yake aiki su ne ya cinye, har da asibitocin Ingila. Darasin CrowdStrike a wurina shi ne kada a tura sabon abu ga kowa lokaci guda. A fara da na'urar gwaji, a jira, sannan sauran. Tunda yana da Proxmox ma abin ya zo da sauƙi: ya ɗauki hoton VM, ya sabunta, in ta ƙi ya koma baya.

Baba_Root:
Na yarda da gwaji kafin turawa, 'yata. Abin da nake ƙi shi ne a bar na'ura tana sabunta kanta tana sake tashi cikin dare ba wanda ya sani. Gyaran tsaro kaɗai, wannan ba ni da ja.

Hajiya_ZFS:
Tunda an ambaci hoton VM, a kula: shi ma ba kwafin ajiya ba ne muddin yana kan faifan da VM ɗin take. Yana da kyau don komawa baya bayan sabuntawa, amma in faifan ya tafi, tare za su tafi. A tsarin ajiyar fayiloli na ZFS sai ka yi zfs send ka tura shi wata na'ura kafin ya zama abin dogaro. Proxmox ma suna da Proxmox Backup Server don wannan aikin, kuma a kan na'ura daban ya kamata a girka shi.

Abu_Rajista:
Wani abu da ba wanda ya tambaya: wanda ya tafi, an rufe hanyoyinsa? Ba zargin kowa nake yi ba, ƙa'ida ce. Ka buɗe authorized_keys na kowane asusu ka ga makullan SSH, na shiga sabar daga nesa, da suke ciki, ka duba waɗanda suke da sudo, wato cikakken iko a kan sabar, ka canza kalmomin sirri na rumbun bayanai da na rauta da na wurin da aka yi rajistar sunan shafinku. Na taɓa karɓar wani wuri da sunan shafin kamfanin gaba ɗaya yake kan imel ɗin wani tsohon ma'aikaci, sanarwar ƙarewar rajista tana zuwa inda ba mai karantawa. Kuma duk abin da ka gano ka rubuta shi. Wanda zai gaje ka bai kamata ya sha wahalar da kake sha yanzu ba.

SabonMaiSabar:
Jama'a na dawo, kuma jikina a sanyaye yake. Na bi shawarar Anti Ummu na buɗe foldar. Fayilolin suna nan reras, kowane dare da nasa, da kwanan wata a sunansa. Amma da na yi ls -l sai na ga tsofaffin suna da nauyi sosai, na watannin baya-bayan nan kuwa kowanne bayit 20 ne cif. Na buɗe ɗaya, ba komai a ciki. Na gudanar da sikirif ɗin da hannu, sai ga saƙo cewa an ƙi kalmar sirri. Ashe an canza ta a rumbun ba a canza a sikirif ba.

UmmuNetwok:
Innalillahi. Amma ka gode wa Allah da ka gani yau. Bayit 20 ɗin nan girman fayil ɗin gzip ne, manhajar matse fayil, idan ba komai a cikinsa. Na tabbata an rubuta pg_dump ne aka zura shi ta bututu zuwa gzip. A bash, mai gudanar da sikirif ɗin, sakamakon umarni na ƙarshe a bututun ake dubawa, to pg_dump ya faɗi, gzip ya matse iska ya ce ya yi nasara, cron ya ga komai lafiya. Ka sa set -o pipefail a saman sikirif ɗin tare da set -e. Kalmar sirrin kuma ka fitar da ita daga sikirif ka sa a fayil ɗin .pgpass da izini 600. Yanzu-yanzu kuma, kafin ka gyara komai, ka yi kwafi ɗaya da hannu ka fitar da shi daga sabar nan.

Injiniya_Sani_B:
Kuma ka juya tsarin faɗakarwar. Kada ka jira saƙon da zai ce an faɗi, don ka ga yadda ya ɓace wa GitLab. Ka sa sikirif ya riƙa aika alamar ya gama lafiya, in alamar ba ta zo ba a lokacinta a tashe ka. A manhajojin sa ido, Zabbix zai yi, Prometheus zai yi. Ka ƙara da duba girman fayil: in na yau bai kai rabin na jiya ba, akwai magana.

Ɗan_Kebul:
Ka ɗauki hoton allon nan mai bayit 20 ka kai wa shugaba. Ka gaya masa a hankali, ba tare da ɗora wa wanda ya tafi laifi ba, cewa da rumbun ya lalace jiya, watanni za ku koma baya, kuma RAID ba zai ce uffan ba. Ina ganin ba za ka sake buƙatar dogon bayani ba.

Gajimare_Kawai:
Wannan shi ne abin da nake faɗa tun farko. Rumbun da ake kula maka da shi ba zai yi watanni yana ajiye fayil fanko ba.

Mai_Tsaron_Dare:
Zai iya yin wani abin daban da ba ka duba ba, Malam. Ko a ina bayanan suke, sai wani ya zauna ya dawo da su ya ƙirga layukan tebur ya ga sun cika.

Talatu_DevOps:
In shugaban ya ce awa ɗaya ma ba zai iya rasawa ba, pg_dump na dare ba zai kai ka ba. Sai ka koma adana WAL, wato jerin duk canjin da ake yi a rumbun, da pgBackRest ko Barman, yadda za ka iya dawo da rumbun zuwa daidai mintin da ya gabaci ɓarnar. Amma ni da zan ba ka shawara, ka fara daidaita na daren ya yi aiki, ka saba da dawo da shi, sannan ka hau na gaba.

Baba_Root:
Ni kuma da na ce ya tafi pgBackRest kai tsaye. Wahalar saitin sau ɗaya ce, kuma yana duba lafiyar abin da ya ajiye. Gyara sikirif ɗin da ya riga ya ci amana, raina bai so ba.

SabonMaiSabar:
Na yi kwafi da hannu, na dawo da shi a wata VM, teburan sun cika alhamdulillah. Na kuma tura shi waje da restic. Faifai ɗaya cikin huɗun smartctl ya nuna sassan da aka sauya suna da yawa, zan sa shi cikin abin da zan kai wa shugaba. Saura tambaya ɗaya: kalmar sirrin restic ɗin, a ina zan ajiye ta? In na bar ta a sabar kawai, ranar da sabar ta mutu kwafin ya zama ba mai buɗe shi.

Hajiya_ZFS:
Manhajar adana kalmomin sirri ta kamfani, wadda aƙalla mutum biyu suke da izininta. Bitwarden ko KeePassXC duk za su yi. Sharaɗi dai kada ita ma ta zauna a kan sabar nan uku.

Abu_Rajista:
Ni na fi natsuwa da takarda. A buga ta, a sa a ambulan a liƙe, shugaba ya sa hannu a kulle a sef. Ranar da netwok duka ya faɗi ba ka da tabbacin za ka iya buɗe wata manhaja. Hajiya, a wurinku wa yake riƙe da babban makullin manhajar in mutum biyun ba sa nan?